Malam Nasidi da Kwanon Prince

"Ni fa in kare ya kaɗa jela sau ɗaya a gabana, na gama karanta abin da ke ransa, har wanda ya ɓoye wa uwarsa."

Malam Nasidi ne ya faɗi haka da safiyar wata Asabar, a teburin Gambo mai shayi da ke gindin darbejiya a Jiddari Polo. Ya faɗa yana tsoma burodin wani a cikin shayinsa.

"Shekara bakwai na yi da mafarautan Dusuman," in ji shi. "Tare muke shiga daji da karnuka, tare muke fitowa. Ku a ganinku haushi kaɗai kare ya iya. Kare yana kishi. Kare yana jin kunya. Akwai wani da maigidansa ya yi wa tsawa a gaban baƙi, kwana uku bai kalli inda mutumin yake ba, sai da aka aiko aka kira ni na sasanta su."

Gambo ya ɗaga buta sama yana tsiyaya. "Da wane yare aka yi sulhun, Malam? Da Barbarci ko da Hausa?"

"Da ido, Gambo. Kai madara ka sani, tsaya a madara."

To, mai karatu, tunda ni da kai ba ma ɓoye wa juna magana, bari in gaya maka wane ne Nasidi. Bakano ne. Ya zo Maiduguri da niyyar yin wata biyu, yanzu shekararsa ashirin. Ya yi gyaran rediyo har sai da rediyoyin unguwa suka daina magana. Ya yi dillancin filaye har ya nuna wa wani bawan Allah fili da rani, damina na zuwa aka ga kifi a ciki. Dusuman kuwa sau ɗaya ya taɓa zuwa, ɗaurin aure, kuma a cikin mota ya yi tasa fatihar, gilashi a rufe, don an ce akwai karnuka a layin.

Ga kuma abin da ke cin ransa. Shi da matarsa Rumaisa'u da 'ya'ya uku a ɗaki ɗaya suke, a gidan yayanta Tahir. Tahir ya riga ya faɗa masa a fili: ƙarshen wata ɗansa zai yi aure, ɗakin za a yi wa fenti, a nemi wuri. Saura kwana goma sha ɗaya, Nasidi bai da ko rumfa.

A ƙarshen benci akwai wani dattijo mai jar dara da ya tsaya sayen burodi, motarsa a kunne. Alhaji Kashim ke nan, mai gonakin shinkafa a Zabarmari. Ya juyo a hankali.

"Malam, wannan magana taka gaskiya ce, ko ta shayi ce?"

"Ranka ya daɗe, ka tambayi duk Jiddari."

Duk Jiddarin da ke kan benci suka sunkuyar da kai cikin kofunansu.

Alhaji ya ce yana da kare mai gadin rumbun shinkafarsa, sunansa Prince. Baba Pindar, tsohon maigadinsa, mutumin Bura, shi ya raine shi tun yana ɗan kwikwiyo. Ranar Talata Pindar ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu wajen Biu, don matarsa Serah ta gaji da zama ita kaɗai. Tun daga ranar kare ya daina cin abinci, sai ruwa. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya ce jikinsa lafiya lau.

"Ni ban taɓa sa masa hannu ba," in ji Alhaji. "Amma dabba ce a ƙarƙashina, in ta mutu da yunwa a gidan da ke cike da shinkafa, me zan ce wa Allah? Wanda duk ya sa karen nan ya ci abinci kafin Juma'a, aikin gadi nasa ne. Da ɗakunan Pindar guda biyu a bakin ƙofa, da wutar sola, da famfo."

Kunnen Nasidi ya tsallake kalmar kare gaba ɗaya, ya sauka a kan ɗaki biyu.

"Alhaji, kashe motar ma ba sai ka yi ba. Mu je."

Sai da aka buɗe ƙofar gidan ya tuna akwai kare a maganar. Can gefen rumbu, a cikin ɗakin waya irin na keji, wata halitta ce kwance kamar ɗan maraƙi, baƙa da ruwan ƙasa, haɓarta a kan ƙafafun gaba, hancinta na kallon ƙofa. Nasidi ya ja birki tun saura taku goma sha biyu.

"Matsa mana, Malam."

"A'a, ranka ya daɗe. Ƙa'idar aikin ce. Mai baƙin ciki ba a yi masa cunkoso."

Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya rufe ido ɗaya kamar mai duba gwal. Prince ko kunne bai motsa ba. Wannan ya ɗan ƙara wa likitan namu ƙarfin gwiwa. Ya waiga yana neman abin da zai ɗora wa laifi, sai ya hango wata farar kyanwa a baranda tana cin kan kifi a faranti.

"Na gano. Kishi ne."

"Kishi?"

"Alhaji, ka sa kanka a matsayinsa. Kai ne ke gadi, kai ne ke shan rana, kai ne ɓarawo zai fara jifa. Ga wata can ba ta aikin komai sai miƙa, ita ce a baranda da faranti. Ko ni ne sai na yi yaji."

Mai kyanwar tana zaune a kan darduma kusa da ita. Hajiya Kaltum, uwargidan Alhaji, mai haɗa turaren wuta da humra, wadda amare ke layi a ƙofarta tun daga Gwange har Bulunkutu. Mace ce mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ta kalli Nasidi daga hula zuwa silifas, ta gaishe shi da Barbarci, "Wushe, Malam," ta ci gaba da tsince itacen turarenta.

Ranar Lahadi aka saka kyanwa a kwali aka kai ta gidan ƙanwar Hajiya. Prince bai ci ba. Ɓerayen rumbu dai sun ci, har da gayyato dangi.

Ranar Litinin Nasidi ya zo da sabon bincike.

"Kishin mun cire shi. Abin da ya rage tunani ne. Kare da hanci yake tunani, ranka ya daɗe. Ƙamshin Pindar ne ya maƙale masa a hanci. Sai an wanke da wanda ya fi shi ƙarfi."

Alhaji ya shiga ɗakin Hajiya ba ta nan, ya ɗauko kwalbar da ya ga ta fi kyau. Ashe turaren wata amarya ne da aka yi kwana arba'in ana tsumawa. Nasidi ya cika kasko da garwashi, ya juye rabin kwalba, ya ɗaure kaskon a bakin wata doguwar gora ta kaɗo mangwaro, ya zura shi cikin ɗakin waya daga nesa kamar mai ba kada abinci.

Hayaƙi ya turnuƙe. Prince ya yi atishawa sau goma sha ɗaya, Nasidi na ƙirgawa yana cewa, "Yauwa, tunani na fita, tunani na fita." A ta goma sha biyu sai karen ya miƙe tsaye, ya yi haushi guda ɗaya tak, irin wanda ke fitowa daga ƙasan rijiya.

Ba wanda ya ga lokacin da Nasidi ya hau. An dai ɗaga kai an gan shi a saman ƙarfen tankin ruwa, silifas ɗaya a ƙasa, gora a wani wuri.

"Malam, lafiya?"

"Daga sama ake duba yadda hayaƙin ke zagaya shi, Alhaji. Aikin yana kyau."

Hajiya ta dawo ta tarar da tsakar gida na ƙamshi kamar ana kai amarya, amaryar kuwa mai ƙafa huɗu ce, ta koma ta kwanta hancinta na kallon ƙofa. Hajiya ta ɗaga kwalbarta ta duba abin da ya rage. Ta mayar da murfin ta wuce ɗaki. Da ta yi faɗa ma da ya fi wa Nasidi sauƙi.

Ranar Talata hankalinsa ya fara tashi. Saura kwana uku. Da azahar aka miƙo masa kular abincin Prince daga kicin, kamar kullum, don ya kai ya juye a kwanon kare. Ya zagaya bayan ɗakin janareta inda ba mai ganinsa, ya buɗe don ya ga ko da abin da zai ce ya yi yawa ko ya yi kaɗan.

Ɗan'uwa, shinkafar Zabarmari ce sabuwar girbi, kowace ƙwaya tsaye da ƙafarta. A samanta tsokar naman sa, ga bandar kifi an farfasa. Nasidi rabonsa da nama irin wannan tun layyar bara, ita ma a gidan mutane.

Gaskiya ya gwada. Ya soke tsoka ɗaya a bakin gora ya zura wa Prince har gaban hanci. Karen ya ɗago ido ya dube shi, wani irin kallo mai nauyi, kamar na mutumin da aka zo yi wa ta'aziyya da wasa. Sai aka taɓa ƙofar gida. Nan take ya ɗaga kai, kunnuwa a tsaye, jela ta bugi ƙasa sau biyu. Mai kawo gawayi ne. Kan ya koma kan ƙafafu a hankali, ya saki wani dogon numfashi. Haka yake yi duk lokacin da ƙofar ta motsa, tun safe har yamma. Yaron goye ma zai gane abin da wannan ke nufi. Nasidi ya ce a ransa, "Ƙirga baƙi yake, aikin gadi ya bi jikinsa."

Ya koma bayan janareta ya zauna da kula a cinya, ya fara yi wa kansa fatawa. Abincin nan a tukunyar mutane aka dafa shi. A kular mutane aka zuba. Bai taɓa kwanon kare ba, kare bai shaƙe shi ba. In aka mayar kicin, an san bai ci ba, ɗaki biyu sun tafi. In aka zubar, almubazzaranci ne, kuma haramun ne. Da ya duba ta kowace fuska, sai ya ga hanya ɗaya ce ta rage wa mai tsoron Allah.

Ya yi bisimilla.

Da ya gama, ya lakato ɗan romo da ƙwayoyin shinkafa a bakin gora, ya shafa a kwanon Prince, ya ɗauki kula wayam ya nufi baranda yana tafiyar wanda ya dawo daga yaƙi.

"Alhaji, a yi hamdala. Zuciya ta buɗe."

Alhaji Kashim ya leƙa kula, ya leƙa kwano daga nesa, har idonsa ya kawo ruwa. "Duka ya cinye?"

"Har yana neman ƙari. Amma a sirrance yake ci, kunya gare shi. Kada kowa ya zo wajen in ina ba shi."

A take Alhaji ya zaro makullin ɗakunan Pindar daga aljihu ya damƙa masa. "Ka fara sharewa. Juma'a in ya ɗore a haka, ku tare."

Da yamma Nasidi ya shiga gidan Tahir yana kaɗa makulli a ɗan yatsa. Ya ce wa Rumaisa'u ta ɗaure kaya, ranar Juma'a da la'asar ta samo Keke Napep ta same shi a sabon gida.

"Baban Zayyad, kai da kare?" in ji ta. "Kai da ko ɗan akuya ya biyo ka sai ka canja layi?"

"Wancan dabara ce, don kada a gane baiwata."

Bai tsaya nan ba. Ya leƙa zauren Tahir ya ce, "Yaya, ɗakinka na nan, a yi fenti lafiya. In ana neman ruwan famfo ko cajin waya, ƙofata a buɗe take. Ni ba na korar dangi." Tahir ya ce Allah ya sa alheri, ya kuma kira mai fenti a gabansa.

To, ka san farin ciki kan sa mai kuɗi ya wuce gona. Alhaji ya ba da umarni: tunda kare ya yi mako bai ci ba, a riƙa ba shi sau uku a rana, kula a cike, ya rama abin da ya wuce.

Ranar Laraba Nasidi ya ci uku. Ya koma gida ya ce wa Rumaisa'u azumin nafila ya sa ba ya jin yunwa, ta ce ba ta taɓa ganin mai azumi yana gyatsar kifi ba.

Da mutumin yana da hankali, da ya tsaya a nan. Amma ciki in ya samu wuri, baki yake aikowa. Ranar Alhamis da safe ya tsaya a ƙofar kicin, hannu a baya.

"Ranki ya daɗe, akwai 'yan saƙonni daga Prince."

Hajiya ta ɗago. "Ina ji."

"Ƙashi ya yi yawa. A rage. Sannan a ɗan ɗiga man shanu."

"To."

"Kuma yaji. Ba mai yawa ba, a gefe, a 'yar takarda."

"Kare da yaji?"

"Baƙin ciki kan canja wa halitta ɗanɗano, ranki ya daɗe. Na sha gani. In da hali kuma, gobe da safe a gwada masa gurasa, a yayyafa ƙuli. Da ɗan zoɓo mai sanyi, saboda zafin garin nan."

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. Ta kalli kumatunsa da suka fara sheƙi, ta kalli maɓallin rigarsa na tsakiya da ke neman agaji. Sannan ta leƙa ta taga ta hango Prince, wanda ƙasusuwan haƙarƙarinsa suka fito ana iya ƙirgawa daga kicin.

"Shekara shida karen nan yana gidan nan," in ji ta, "ban san Bakano ba ne sai yau."

Nasidi ya yi dariya, ita ma ta yi murmushi. Yana juya baya ta ɗauki wayarta.

Ranar Juma'a, an sauko daga masallaci, Nasidi ya sha farar shaddarsa ta sallah, wadda ya tanada don ranar tarewa. Kular ranar ta fi ta kullum nauyi, ga yaji a takarda, ga zoɓo har da ƙanƙara. Ya zagaya ofishinsa na bayan janareta ya yi mata adalci, ya side yatsu, ya shafa wa kwano romo. Yana fitowa yana sakace sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Wannan karon Prince bai tsaya ɗaga kai ba. Ya zabura ya miƙe, ƙafafunsa na rawa don yunwa, ya fara wani kuka siriri kamar na jariri, yana dukan waya da ƙirji.

Wani tsoho ne ya shigo, gajere, da hular saƙa da jakar bakko a kafaɗa, ƙurar mota har gira. Baba Pindar. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya yar da jaka, ya zare sakatar ɗakin waya, ya zauna daɓas a ƙasa. Karen nan da ya kai maraƙi ya faɗa masa a cinya, yana cusa kai a hammatarsa, yana kuka, jela na share ƙasa. Tsohon ya riƙe kansa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da yaren Bura, hawaye na bin gemunsa. Alhaji da ya fito daga falo ya tsaya, ya cire tabarau yana gogewa.

Nasidi kuwa, ganin an buɗe sakata, ya riga ya sa ƙafa ɗaya a matakalar tanki.

Pindar ya shafa haƙarƙarin karen, ya ɗago. "Alhaji, sannu da gida. Hajiya ce ta kira ni jiya. Karen nan ya yi kwana goma bai ci abinci ba."

"Haba Baba Pindar! Kula uku yake tashi da ita kullum."

Tsohon bai yi musu ba. Ya jawo jakarsa, ya ciro ƙullin tuwon dawa da ya yi guzuri, ya gutsura ya ci a gaban karen, ya tauna ya haɗiye. Sannan ya miƙa sauran. Prince ya karɓe kafin hannu ya gama miƙewa, ya lashe tafin, ya lashe ƙasa.

"Haka na koya masa tun yana ƙarami," in ji Pindar, "saboda ɓarayi masu jefa nama da guba. Ba ya cin komai sai mutum ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya ci loma ɗaya a gabansa. Baƙo ma in ya yi haƙuri ya zauna, kwana biyu zai yarda da shi. Na faɗa maka ranar da zan tafi, Alhaji. Kana waya da mutanen gona, ka ce to, to."

Ka ji fa, mai karatu. Loma ɗaya a gaban kare. Mutuminmu ya ci kula tara a bayan janareta.

Alhaji ya juyo. "Malam Nasidi?"

Da wani ne, da ya rushe a nan. Ban da Nasidi. Ya sauke ƙafa daga matakala, ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, Baba ya yi gaskiya, tsohuwar hanya ke nan. Ni sabuwa na koya masa. Ramar kuwa, ai ita ce shaidar abin da nake faɗa. Baƙin ciki wuta ne. Abinci na sauka, yana ƙone shi. Ba ka ga masu takaba ba? Ana ci ana ramewa."

Alhaji ya shafa gemu. Wallahi har ya fara gyaɗa kai.

Sai Hajiya Kaltum ta yi gyaran murya daga baranda.

"To alhamdulillahi tunda yana ci. Hankalina ya kwanta. Dama ina tsoron kada maganin ya tafi a banza."

"Wane magani?" in ji Alhaji.

"Na tsutsar ciki da kaska. Na ga yana ci yana ramewa, na yi wa likitan dabbobi waya. Irin mai ƙarfin nan ne na manyan karnuka. A cikin abinci ake zubawa, ba ya ɗanɗano." Ta juya ga Nasidi. "Na yau ya cinye duka ko, Malam?"

"Du... duka."

"Madalla."

Nasidi ya ji wani abu ya juya a ƙasan cibiyarsa. Wataƙila zoɓo ne. Wataƙila ba zoɓo ba ne.

"Ranki ya daɗe," ya ce da wata murya da ya aro, "don ƙarin ilimi kawai. Wannan magani, in misali kaza ta tsinci ƙwaya ɗaya?"

"Kaza? Ai ko shurawa ba za ta yi ba."

"Akuya fa?"

"Ta kai la'asar, in tana da ƙarfi."

Zufa ta keto daga ƙarƙashin hula. "To in... wani abu ne da ya ɗan fi akuya? Mai kamar shekara arba'in da bakwai?"

"Wannan ban sani ba," in ji Hajiya. "An dai ce da harshe yake farawa. Ya yi nauyi. Sai yawu ya riƙa taruwa."

Nasidi ya motsa harshensa. Nauyi kamar guduma. Yawu kuwa, ga shi nan ya cika baki. Ya tuna Zayyad da ƙannensa. Ya tuna bai bar musu komai ba sai gora.

"Manja!" ya kurma ihu. "Jama'a a kawo manja! Innalillahi, na mutu! Hajiya, don girman Allah, manja!"

Ka san mutanenmu, an yarda duk gubar da mutum ya haɗiya manja ke kashe ta. Hajiya ta miƙo kwalba, wadda, abin mamaki, tana nan ajiye kusa da ƙafarta. Nasidi ya fizge ya kafa kai. Ƙwat, ƙwat, ƙwat. Ja ya gangaro ta gefen baki, ya bi gemu, ya sauka a farar shadda ya yi taswira. Tsakanin kurɓa da kurɓa yana ta zuba bayani ba wanda ya tambaye shi.

"Tun Talata ne... ni ne... har gurasar... Alhaji ka yafe ni kafin in cika... ban taɓa zama a Dusuman ba..."

Prince, da cikinsa ya buɗe yanzu, ya ji ƙamshin nama da manja na tashi daga mutum ɗaya, kuma ga shi ya ga mutumin ya sha a gabansa. Ya taso da fara'arsa ya dafa ƙirjin Nasidi da ƙafafu biyu, ya lashe shi tun daga haɓa har goshi. Nasidi ya zauna a ƙasa ba da niyya ba. Ya ma rasa ƙarfin gudu.

Daidai nan aka ji hon a waje. Aka buɗe ƙofa. Keke Napep ce, katifa biyu a sama an ɗaure da igiya, tukwane na leƙowa ta gefe, yara uku a kan buhun kaya. Rumaisa'u ta sauko da murmushinta da fitila a hannu, ta ga mijinta zaune a ƙasa, ja-wur kamar an yanka rago a ƙirjinsa, kare na wanke masa kunne. Murmushin ya tsaya a inda yake.

Alhaji Kashim ya miƙa hannu. Nasidi ya laluba aljihu ya ciro makulli, yana ɗigar manja. Alhaji ya goge shi da hankici ya ba Pindar.

"Baba, ɗaki biyu ne. Ka je ka ɗauko Serah. Gonar ƙauye a ba wani ya noma, ni zan ji da shi."

"Hajiya," in ji Nasidi da ƙyar, kwalba wayam a hannu, "minti nawa ya rage mini?"

Hajiya Kaltum ta gyara mayafinta.

"Kwantar da hankalinka, Malam, ban zuba komai ba tukuna. Maganin ma sai gobe za a kawo. Likitan ne ya ce ba zai iya aunawa ba sai an gaya masa nauyin mai cin abincin." Ta ɗauki wayarta. "To ga shi zan kira. Kilo nawa zan ce masa?"